Haƙoran Giyar Injin Niƙa

Haƙori na uku ya karye ne ranar Talata, injin niƙa na tsakiyar aiki. Mai injin da kansa ya kwanto giyar, faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke juya injin, ya zo ya dire ta a ƙofar maƙera.

"Haƙoran kakata sun fi waɗannan ƙwari, kuma biyu suka rage mata," in ji shi. Ya leƙa ciki ya taɓe baki. "Shago fes kamar kantin magani, aiki kuwa sai a hankali. Jibi zan dawo. In ta sake karyewa, ni da kai sai gaisuwa."

Matar maƙerin tana bayan ƙyaure da kwanon abinci a hannu, ta ji komai. Watansu huɗu da aure. A satin auren ne surukinta ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya bar wa ɗansa wuta da awartaki. Tun daga lokacin duk giyar da ta fita daga shagon sai ta dawo da giɓi. Masu injin biyu sun riga sun gudu, wannan ne na ƙarshe. Mijin ya yi magana da wani direban babbar mota da ke neman abokin tafiya, irin tafiyar da ake wata uku ba a leƙo gida ba. Ta ga jakarsa a ƙarƙashin gado, a ɗaure.

Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ido gare ta. Kullum ita ke share maƙerar, ta jera guduma da magagari bisa girmansu, don haka ta san aikin daki-daki. A yanka haƙora, a tura giyar cikin gawayi, a zuga har ta yi ja irin na garwashi mai lafiya, a tsoma ta cikin baƙin mai ta yi cuu. Daga nan a sake ɗumama ta kaɗan, har fatarta ta koma ruwan zuma. Sai gwaji. In an goga magagari ya zame bai ci ba, ƙarfe ya yi tauri.

Kullum kuwa magagarin zamewa yake. Abin da ke neman haukata mijin ke nan.

Ya canza ƙarfe. Ya zubar da mai ya sayo sabo. Ya yi faɗa da mai gawayi har aka shiga tsakani. Ya koma tsayawa a gaban wuta yana ƙanƙance ido, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yana jiran jan da ba ya zuwa da wuri kamar dā.

Ranar Laraba tun da sassafe ya fara ƙera sabuwar giya. Kafin la'asar ya gama, ya ɗaure ta, ya ce bari wannan karon ya gwada da guduma. Bugu ɗaya, ƙas! Haƙori ɗaya ya tashi ya faɗi kusa da ƙafar matarsa. Ta ɗauka ta duba. Cikinsa tsakuwa-tsakuwa ne yana ƙyalli kamar sukari, alhali tsofaffin gutsattsarin da take sharewa cikinsu laushi ne kamar toka.

Mijin ya zauna daɓas a ƙasa. "Shekara goma sha biyu ina zuga wa Baba," ya ce, "ashe kallo kawai nake."

Ba ta taɓa yi wa surukinta maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ranar ta shiga ɗakinsa ta durƙusa, ta ajiye masa gutsuren a tafin hannu.

"Baba, don girman Allah ka yarda a kai ka maƙera. Ɗanka tafiya zai yi."

"'Yar nan, ashe kina da baki?" Tsohon ya juya ƙarfen da babban yatsa, fuskarsa ta canza. "Kira min shi."

A baya mijin ya goyo shi, ya zaunar da shi kan buhun gawayi. Ita ta raɓe a bakin ƙofa.

"Ƙona ƙarfen ka yi, ja'iri," in ji tsohon. "Wuta ta yi masa yawa."

"Wallahi Baba, jan da ka nuna min nake jira."

"To zuga in gani."

Mijin ya tura wani guntun ƙarfe ya zuga. Can ya zaro shi, jansa dishi-dishi. "Ka gani, da saura." Zai mayar da shi wuta, sai tsohon ya daka masa tsawa, ya cire hularsa da hannun mai lafiya, ya yi wa ƙarfen inuwa. Nan take abin ya haska ruwan lemo, har yana neman komawa fari.

Tsohon ya ɗaga kai a hankali, ya kalli tagar gilashin da ke saman murhu, inda rana ke zubowa kai tsaye kan wuta.

"A duhu ake karanta ƙarfe. Haske ɓoye ja yake, ka yi ta jira har ka ƙona. Shekara arba'in na bar hayaƙi ya rufe gilashin nan, ka ɗauka ƙazanta ce ta hana ni gogewa?" Ya dubi ɗansa. "Wa ya wanke min taga?"

Mijin ya sunkuyar da kai, bai ko waiwayo wajen matarsa ba. Ita ce kuwa ta wanke tagar. Yini guda cur ta yi a kan kujera tana kankare baƙin nan da wuƙa da soso, kwana biyar da aurensu, don kada hayaƙi da duhu su ɓata wa mijinta ido.