Ƙasusuwa a Bayan Ɗakin Malam

Na zube ƙasusuwan a gaban mai unguwar Limawa.

"Ranka ya daɗe, a bi min haƙƙina! Rifkatu maƙwabciyata za ta kashe min miji."

Wata uku ke nan da muka je asibiti ni da mijina Malam, aka auna mu. Likita ya yi ta Turanci da shi, ya ba shi takarda. A hanya Malam ya ce min zuciyarsa ce ta taɓu: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. Ni da nake sayar da ragadada tun kafin a yi jihar Neja, na kife tukunyata. Wake da alayyahu muke ci tare, don kada ya gani ransa ya biya. Ashe matar nan farfesu take miƙo masa ta katanga!

Rifkatu ta sunkuyar da kai. "Mama, shi ya roƙe ni."

"Rufe min baki! Ga takardar, a karanta mata."

Mai unguwa ya duba, ya ɗago kai.

"Barira, ai sunanki ne a nan."

Malam da ke zaune a gefe ya share gumi. "Da na ce miki taki zuciyar ce, za ki bar nama?"

Na kwashe ƙasusuwana.