Jan Da Bai Hau Takarda Ba

Yana saukowa daga kamyo, babbar motar kaya, a Falanko, takardarsa ta tarbe shi, manne a bangon wurin da ake rabon iri.

Shi ya buga ta a maɗaba'arsa ta Damagaram. Aikin bugu biyu ne. Baƙin launi zai fara hawa, hoton mace tana zuba gero a tukunya, sannan ja ya bi ya gicciye tukunyar, don kowa ya san irin nan an cuɗe shi da jan maganin ƙwari, na shuka ne, ba na ci ba. Baƙin ya hau lafiya. Jar tawada ta ƙare, ya tafi Kano nema, kafin ya dawo an kwashe takardun an yi arewa da su.

Akwai gargaɗi a ƙasa, da Faransanci. Wa zai karanta, a shekarar da ko fara ba ta sami abin ci ba?

Ya buɗe gwangwanin ja, ya tsoma yatsa, ya gicciye tukunyar. Ɗaya ke nan. Sauran suna Gangara, suna Belbeji, suna inda bai sani ba.

"Malam, kai ne mai hoton?" in ji wata tsohuwa, riƙe da ƙwarya. "Allah ya saka. Da mun tsorata da geron, sai muka ga matar tana dafawa."

"Inna, kun ci?"

"Jikokina dai. Ni na bar musu."

Ta watsar da ruwan wankin geron kusa da ƙafarsa. Ja ne wur, irin jan da ya je nema har Kano.