Fankar Kicin ɗin Alhaji Bature

Notin ƙarshe ya ƙi kwancewa, sai da Maliki ya ɗiga masa baƙin mai ya bubbuge shi da filaya. Yana tsaye a kan benci, kansa cikin rumfar ƙarfen da ke saman murhun gas, irin wadda ke zuƙe hayaƙin girki ta fitar da shi waje ta bututu. A duk Birnin Gwari bai taɓa ganin irinta a wani gida ba. Shi sana'arsa gyaran fanka da injin markaɗe, amma yau ko jirgin sama Alhaji Bature ya ce a gyara, zai ɗauko jakar kayan aikinsa.

Tun da kaka 'yan bindiga suka tare motar Kuyello suka kwashe fasinja, har da Zulaiha matar Maliki, tana dawowa daga gaisuwar rasuwa. An sako wasu, ita shiru. Maliki ya sayar da gona, ya sayar da babur, ya zama abin nuni a kasuwa: ga mijin wadda ke daji. Masu jaje suka yi suka gaji. Mutum ɗaya ne bai gaji ba, Alhaji Bature dillalin masara, wanda kowa ya sani shi ke kai saƙo daji ya dawo da amsa.

"Tana nan lafiya," haka yake cewa kullum. "Jiya ma ta ci abinci."

Da hantsin yau Alhaji ya zo shagon Maliki da ƙafarsa, yana share gumi. Ya ce gobe zai shiga wajen mutanen nan a kan maganar Zulaiha, amma ba zai iya barin gida da matacciyar fanka ba, don hayaƙi na tayar wa Hajiya da asma. Maliki bai tsaya rufe shago ba.

Da ya sauko da injin ya ga wayoyin cikinsa sun ƙone ƙurmus, alamar ya daɗe yana juyawa ba hutu. Ragar da ke tare maiƙo kuwa a bushe take fes. Ya taɓe baki. Masu hali ke nan, sola ta ba su wuta kyauta, ko ana girki ko ba a yi sai a bar abu yana ta yi har ya mutu.

Inji biyu ya zo da su, sabo a kwali wanda ba ya ko tari, da wani tsoho da ya kwance daga fankar gidan burodi, mai ƙara kamar injin niƙa. Ya miƙa wa Alhaji sabon ya gani.

"A'a, sa tsohon," in ji Alhaji. "Hajiya in ba ta ji ƙara ba, ba ta yarda yana jan hayaƙi."

Maliki bai yi musu ba. Wanda matarsa ke hannun mutane ba ya gardama a kan fanka.

Yana aiki, Alhaji na tsaye jikin bango yana ta zuba da babbar murya: tsadar taki, farashin masara, lalacewar hanyar Kaduna. Bai taɓa sanin mutumin da surutu haka ba. Can waya ta yi ƙara, Alhaji ya duba, sannan ya fita tsakar gida da sauri.

Kicin ya yi tsit. A cikin shirun nan Maliki ya ji an bugi bango daga ɗaya ɓangaren. Aka sake bugawa. Sai wani gunji can ƙasa-ƙasa, muryar mace, kamar mai kuka da fuska cikin matashi.

Kunya ta rufe shi. Ashe har a gidan tayil da sola mata na kuka. To, ina ruwansa? An yarda da shi an shigo da shi har cikin gida, inda baƙon namiji ba ya takawa, kuma gidan mutumin da ke sa ransa cikin haɗari saboda shi. Ƙaramin abin da zai iya saka masa da shi shi ne rufin asiri. Ya yi gyaran murya don a san da baƙo.

"A yi haƙuri, Hajiya, Maliki ne mai gyara. Yanzu zan gama in fita."

Maimakon a yi shiru, bugun ya ƙaru. Maliki ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Ya ɗaure injin, ya haɗa wayoyi, ya naɗe su da salatif, yana gudun kada Alhaji ya dawo ya gane ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Yana jin takunsa a bakin ƙofa ya danna makunni.

Fanka ta ɗauka da ruri, har murafen tukwane na kaɗawa. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya yi murmushin farko tun safe. Ya sa hannu aljihu, Maliki ya riƙe hannun.

"Haba Alhaji! Kai da kake nemo mini iyali?" Sai da ya ɗaga murya kafin a ji shi. Ya durƙusa har ƙasa, idonsa ya cika da ƙwalla. "In ka je, don Allah ka ce mata ina nan ina jira."

"Za ta ji," in ji Alhaji.

Maliki ya tattara kayansa ya fita, yana da tabbacin aikinsa, don injin nan zai yi shekara yana juyawa dare da rana bai tsaya ba.

A ɗakin ajiyar da ke bayan bangon kuwa, Zulaiha ta samu ta goga tsumman da aka ɗaure mata baki da shi a jikin siminti har ya zame, kuma ita da kunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunan mijinta ba tun ranar aurensu, yau ga ta tana ƙwala shi har maƙogwaronta na tsagewa, fankar da ya gyara tana haɗiyewa.