Fili Mai Lamba 214

Jan Biro ya shigo zauren majalisa da sabuwar riga, yana ta ƙamshin turare. Yau kwamitin ba da izinin gini zai duba takardarsa, shi ne kuma shugaban kwamitin, don haka a ganinsa magana ta riga ta ƙare.

Ba banza aka laƙaba masa wannan suna ba. Shekara goma sha biyar yana kan kujerar, aikinsa bai wuce a ajiye masa fayil ya dubi lambar da ke bangon fayil ɗin ba, sai ya tambaya ko wani ya yi magana a kai. In wani babba ya kira shi, shuɗin biro. In babu, ja. Bai taɓa buɗe shafin farko ba, balle ya taka ya ga fili. Dalili kuwa kullum a leɓensa yake: ko babu hanyar mota, ko magudanar ruwa ce. Allah kaɗai ya san yawan mutanen da suka tsufa a ɗakin haya saboda mutumin nan.

Mai ɗauko masa fayil, ya buga hatimi bayan an sa hannu, wani tsamurarren mutum ne mai tabarau ɗaure da zare. "Kai, Mai Fayil," iyakar sunansa ke nan a bakin shugaba. Sau ɗaya tak ya taɓa cewa ko a je a duba wani wuri kafin a yanke hukunci. Jan Biro ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya tambaye shi tun yaushe maɗaukin takarda ya zama injiniya. Daga ranar ya kama bakinsa.

To, wa'adi ya zo ƙarshe. Nan da wata huɗu Jan Biro zai sauka, ya fita daga gidan hukuma, ga shi ya ɓata da 'yan'uwansa kan gidan gado. Bai da inda zai kai iyalinsa sai abin da ya gina.

Mai Fayil ne ya kawo masa labarin filin: a bakin gari, kan tudu, da itatuwa da tsohuwar rijiya. Dillali ya shiga tsakani, ya ce mai wurin ba ya son fitowa, sunan da ke takardar ciniki kuma bai tuna wa Jan Biro kowa ba. Wannan karon kam ya je ya gani da idonsa, ya zuba duk abin da ya mallaka. Da ya tambaya ko takardu sun cika, Mai Fayil ya ce sun cika cif, ba wanda ya fi shi sanin fayil ɗin. Tun izini bai fito ba aka jibge bulo da yashi, uwargida har ta nuna inda take son tagar kicin.

Doka ta ce mai takarda ba ya zama a teburi, saboda haka ya bar wa mataimakiyarsa kujera, ya koma bencin jama'a yana raha, wai yau zai ɗanɗana zaman talakawa. Aka yi dariyar da aka saba yi masa.

Fayil yana bin lambar fili ne, ko da an sake mai shi, kuma al'adar zaman ce a karanta tarihinsa kafin ƙuri'a. Mai Fayil ya ajiye na lamba 214. Kaurinsa ya fi na sabuwar takarda nesa ba kusa ba.

Ya karanta a hankali, bai tsallake ko layi ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce wani ya nemi gina ɗaki biyu a wurin. Injiniya ya ce ƙasa lafiya lau. Shugaba ya ƙi: magudanar ruwa ce. Shekara ta zagayo, aka sake nema, aka sake ƙi. A karo na uku mai nema ya haɗa da takardar likita, cewa matarsa na fama da ciwon ƙirji, a fitar da ita daga ɗakin hayar da ke tsattsafar ruwa. Aka ƙi. A na huɗu ya rubuta cewa matar ta rasu, 'ya'yansa yake nema wa inuwa.

A nan ne shugaba ya gaji da ganin lambar, ya kawo ƙudurin a sa filin cikin kundin wuraren da aka haramta gini na shekara ashirin da biyar. Shi da kansa ya ƙara sharaɗin cewa babu kwamitin da zai iya warwarewa.

Jan Biro ya miƙe yana gumi, ya ce ai tudu ne, ya je ya gani, ko kofin ruwa ba ya kwana a wurin. Mataimakiya, wadda ita ma ta sha wulaƙancinsa, ta ko ƙi ɗaga kai.

"Sa hannunka ne, ranka ya daɗe, har sau huɗu. Mu wa muke da za mu ƙaryata ka?"

Ta ja layi da jan biro. Mai Fayil ya dangwala hatimi a tawada, ya danna shi da hannu biyu, ya daɗe bai ɗaga ba. Wallahi ko ɗigon tausayi babu a fuskarsa.

Jan Biro ya fizge fayil ɗin, yana rantsuwa sai ya ga wane matsiyaci ne ya sayar masa da wannan bala'i. Karon farko a rayuwarsa ya buɗe shafin farko.

Hoton mai nema na maƙale a kusurwa, ya soma koɗewa: Mai Fayil ne, lokacin da kansa bai yi furfura ba.