Tsayuwar Bawa

Tun da aka kawo ƙananan bindigogin nan da ba sa tashi sai sun gane tsayuwar mai su, guda ɗaya hukuma ta ba kowane gida. Ta gidan Tabawa mijinta Bawa kaɗai ta sani, shi kuwa ranar Laraba aka kai shi makwancinsa. An ce ba za a mayar da ita sunan Tabawa ba sai ta fita takaba. Ga gida a bakin daji, ga ɓarayin shanu sun dawo.

Da hantsi surukarta ta ja ta bayan rumbu. Inna ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma ta san ɗanta, ɗan farin da ko sau ɗaya kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba.

"Buɗe ƙafafunki, 'yar nan. Ja ta dama baya. Da hannu biyu yake riƙewa."

Tabawa ta miƙa hannuwa, ta auna wata tsohuwar ƙwarya. Fitilar bindigar na nan ja.

"Kin cika miƙewa. Tun yana yaro ya faɗo daga mangwaro, kafaɗarsa ta hagu ta karkace. Sauke taki. Riƙe numfashi, ki ɗan ciji leɓe."

Tabawa ta sauke kafaɗa, ta ciji leɓe. Sai fitilar ta koma koriya.

"Inna, ta yarda!"

Can Tabawa ta ji muryar tsohuwar a bayanta, ƙasa-ƙasa.

"Bawa."