Wushiryar da Likita Ya Buɗe

"Ki koma wurin likitan nan ya cire ƙarfen," in ji uwar mijin, ta juya baya ga kaskon wainar Chuseok, bikin girbi da girmama kakanni. "Ta wushirya arzikin gida yake zurarewa. So kike ki tsiyata mini ɗa?"

Matar ɗan ta taɓa ƙarfen da harshe. Likitan haƙori ne ya dasa shi a ganɗarta don ya faɗaɗa muƙamuƙin sama, hanci ya samu hanya, shi ne ya raba haƙoranta na gaba. Tun tana yarinya da baki take numfashi, ana yi mata dariyar sakin baki, ko ƙamshin miya ba ta ji.

"Ba zan cire ba, Mama."

"Ji min yarinya. Da wannan ramin za ki rusuna a gaban teburin kakanni?"

Matar ɗan ta zaro ɗan mabuɗin da ake faɗaɗa ƙarfen da shi, ta zura a baki, ta ƙara murɗawa, idonta cikin na tsohuwar. Sannan ta rufe baki ruf, ta ja iska ta hanci har ƙirjinta ya cika.

"Mama, wainarki tana ƙonewa."

Ko hayaƙi bai tashi ba. Tsohuwar ta ɗaga wainar, ƙasanta baƙi ƙirin.