Maƙerin da Ya Ƙi Dami

Ka tambaye ni ko cire kuɗin fito a kan abincin waje alheri ne ko sharri. Ban yi karatun da zan yanke maka ba. Zauna dai ka ji wannan, kai ma ka juya shi.

A wani ƙauye bakin fadama akwai manomin shinkafa da maƙeri, danga ɗaya ta raba gidajensu. Tun kakanninsu kuɗi ba ya shiga tsakaninsu. Maƙeri ya ƙera lauje da fartanya kafin damina, manomi kuma in ya yi yanka ya kai masa dammunan shinkafa har ƙofar gida. Wata shekara hukuma ta cire kuɗin fito, manyan motoci suka fara shigowa da shinkafar ƙasashen waje, fara tas, ba tsakuwa, ga araha. Kada a ɓoye gaskiya, mutane sun ji daɗi. Gidajen da ba sa ganin shinkafa sai an yi suna suka koma dafa ta duk sati. Maƙeri ya sayo, ya zuba ƙwayar a tafin hannu yana juyawa, yana mamakin yadda abin da ya ƙetaro teku ya fi na bayan gidansa sauƙi. Matarsa ta huta da surfe. Da kaka ta yi, manomi ya ɗoro dammuna a kan jaki kamar yadda aka saba. Maƙeri ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Maƙwabci, mai da abarka. Haƙorana sun gaji da tauna dutse. Bana kuɗi za ka ba ni." Manomi ya juya jakinsa da dammunan, ya koma gida.

Ya kai shinkafar kasuwa, ba wanda ya taya da daraja. Da damina ta zagayo bai je maƙera ba, ya wasa tsohon laujensa a kan dutse ya lallaɓa da shi. Wadda ta biyo baya kuwa ya bar wa ciyawa fadamar, ya tafi birni ci-rani. Sauran manoma suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Maƙeri yakan hura wuta da safe ya zauna jiran masu kawo aiki, gawayi ya cinye ba a sa ƙarfe ba. Daga baya ma ya daina taɓa zugazugi. Shinkafar waje tana nan jibge a kasuwa, araharta ba ta canza ba. Malamin makaranta mai albashi yakan wuce da buhu a bayan keke yana yabon sauƙi, kuma bai yi ƙarya ba. Shi maƙeri sai ya tsaya gaban mai awo ya tambayi farashin mudu, a faɗa masa, ya ce lallai da sauƙi, ya koma gida hannu rabbana.

Wannan wurin ne har yanzu nake juyawa a raina. Shinkafa ba ta ƙara tsada ba, amma ta fi ƙarfinsa. Ya ɗauka shi mai saye ne kawai, bai lura ba ashe tukunyar gidansa a fadamar maƙwabcinsa take tafasa. Mutanen farko sun riga mu gani, shi ya sa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.